Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Makarantun Firamare Kan Karanta Wa Yara Littafi A Bayyane

Zuwa ga shugabannin makarantun firamare, maza da mata, da duk wanda alhakin tsara jadawalin darussa ya rataya a wuyansa.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan wannan wasiƙa za ta same ku lafiya tare da malamanku da ɗalibanku, ina neman aron hankalinku a kan wata buƙata guda ɗaya da na daɗe ina juya ta a raina. Buƙatar ita ce ku ware minti 15 zuwa 20 a kowace ranar makaranta, ku rubuta su a jadawali kamar yadda ake rubuta lissafi da kimiyya, domin malamin aji ya ɗauki littafi ya karanta wa yara a bayyane, su kuma su natsu su saurara, tun daga ajin farko har zuwa na ƙarshe. Na rubuto muku ne a matsayina na wanda ya shafe shekaru yana riƙe da alli a gaban ƙananan yara, kuma na zaɓi in fuskance ku kai tsaye saboda na ga cewa duk abin da shugaban makaranta bai ba shi gurbi a jadawali ba, komai amfaninsa, yakan mutu a hannun malami kafin zango ya ƙare.

Ya kamata in fayyace abin da nake nufi tun da wuri, domin akwai abubuwa biyu da ake yi a azuzuwa masu kama da shi, har wani shugaban ya ce ai su tuni suna yi. Akwai biyawa, inda malam zai faɗi jimla yara su maimaita da murya ɗaya har ajin ya ɗauka, alhali rabinsu ba su san abin da bakinsu ke furtawa ba. Akwai kuma karatun bi da bi, inda kowane yaro zai miƙe ya karanta layi biyu ko uku, mai rauni yana in'ina yana gumi, na kusa da shi yana ƙirga layuka don ya gano inda nasa zai faɗo, ba wanda ya bi zaren labarin. Abin da nake roƙo ya bambanta da waɗannan. Babba ne wanda ya iya karatu sosai zai riƙe littafi mai daɗi, ya karanta shi da muryar da ta dace da abin da ke ciki, ya dakata inda ya kamata ya yi tambaya ko ya warware wata kalma, gobe kuma ya ɗora daga inda ya tsaya.

Dalilin da ya sa na ce ku ne ya kamata ku ji wannan magana shi ne wani abu da ya taɓa faruwa da ni. Wata rana ina karanta wa 'yan aji huɗu labari, ajin ya yi tsit kamar ruwa ya ci su, sai shugaban makarantar da nake koyarwa a lokacin ya leƙo ta taga, ya dubi allo ya gan shi fes babu rubutu, ya dubi yara ya ga littattafan rubutunsu a rufe. Da aka tashi ya kira ni ofis ya ce mini: "Malam, idan masu duba makarantu suka shigo suka tarar da kai kana ba da labari, me zan nuna musu a matsayin aikin yau?" Daga ranar ya hana. Ban riƙe shi a raina ba, domin mutum ne mai son aikinsa, kuma ya auna darasi ne da ma'aunin da shi ma ake auna shi da shi, wato abin da aka kwafa a takarda aka sa masa jan biro. Amma yaran sun yi ta tambayata har ƙarshen zango yadda labarin ya ƙare, kuma tun daga lokacin na fahimci cewa wannan aiki ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai shugabanni sun gamsu cewa darasi ne cikakke.

Hujjata ta farko ta shafi yadda karatu yake a kan kansa. A shekarar 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana cewa fahimtar abin da aka karanta tana tsaye ne a kan abu biyu: iya haɗa baƙi, wato mayar da haruffan da ke kan takarda su zama kalmomi, da kuma iya fahimtar harshen idan an ji shi da kunne. Suka ce alaƙar waɗannan biyun irin ta ninkawa ce a lissafi, don haka idan ɗaya ya zama sifili sakamakon duka sifili ne, komai ƙarfin ɗayan. Duk malamin firamare ya san wannan ko da bai taɓa jin sunayensu ba. Mun sha ganin yaron da zai zuba karatu babu tuntuɓe daga farkon shafi zuwa ƙarshe, amma da ka ce ya gaya maka abin da ya karanta sai ya sunkuyar da kai. Makarantunmu suna ba haɗa baƙi lokaci mai yawa, kuma ya cancanci hakan, sai dai ɓangare na biyu yawanci an bar shi ga sa'a, ana zaton zai zo da kansa.

Ba ya zuwa da kansa, kuma illar rashinsa ba ta bayyana da wuri. A azuzuwan farko littattafan da ake ba yara kalmominsu 'yan kaɗan ne, duk waɗanda yaro ya saba ji a gida, saboda haka wanda ya iya haɗa baƙi sai a ɗauka ya gama iya karatu. Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard ta bi diddigin yaran da suka fito daga gidajen marasa ƙarfi a Amurka, ta gano cewa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauran yara a aji biyu da uku, amma daga aji huɗu sai su fara zamewa baya, kuma abin da ya fara kufce musu shi ne sanin ma'anar kalmomi. Dalilin a fili yake. A wannan mataki ne littafi ke daina magana a kan abin da yaro ya sani, ya koma kawo masa labarin ƙasashen da bai je ba, da zamanin da bai gani ba, da yadda jini ke zagaya jiki ko yadda ruwa ke zama girgije. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma yaron da bai tara kalmomi da sanin duniya tun da wuri ba, ko ya furta abin da ke shafin daidai ba shi da abin da zai jawo ma'anar da shi.

To a ina zai tara su, tunda idonsa bai kai ga karanta manyan littattafai ba tukuna? Ta kunne zai tara su. Kunnen yaro ya riga idonsa nisa, domin ya shekara biyar ko shida yana sauraron magana kafin ya san harafi ɗaya. Binciken da Thomas Sticht ya tattara ya nuna cewa, a matsakaici, abin da yaro ke iya fahimta ta hanyar sauraro yakan ci gaba da zarce abin da yake fahimta ta karatun kansa har zuwa wajen shekara 12 ko 13. Ma'anar wannan ita ce duk tsawon zamansa a firamare akwai littattafai masu yawa da suka fi ƙarfin idonsa amma ba su fi ƙarfin hankalinsa ba. Idan ba a karanta masa su ba, an tsare ƙwaƙwalwar ɗan shekara tara a kan jimlolin da suka dace da ɗan shekara biyar, don kawai su ne idonsa ke iya warwarewa.

Wani zai ce ai malam yana magana da yara tun safe har a tashi, me ya sa sai lallai littafi? Amsar ita ce harshen littafi daban yake da na hira. A hira muna maimaita kalmomin da muka saba, muna nuni da hannu, muna barin jimla a rataye saboda mai sauraro ya riga ya gane. Marubuci ba shi da hannun nuni, dole ya nemo kalmar da ta dace ya sa ta a muhallinta. A shekarar 1988 Donald Hayes da Margaret Ahrens sun ƙirga kalmomin da ba a cika amfani da su ba a cikin nau'o'in magana da rubutu na Ingilishi, suka samu cewa a kowace kalma 1,000 ta littattafan yara akwai irin waɗannan kalmomi kusan 31, alhali a hirar manya waɗanda suka gama jami'a kusan 17 ne kawai. Ƙididdigar ta Ingilishi ce, amma duk wanda ya kwatanta yadda yake magana da yadda ake rubuta kyakkyawan labari a harshensa zai ga irin wannan tazara.

Kuma kalmomin suna zama, ba wucewa suke yi ta bayan kunne ba. Warwick Elley ya gwada wannan a ƙasar Niyu Zilan, ya wallafa sakamakon a 1989. An karanta wa yara 'yan shekara bakwai da takwas labari sau uku a cikin mako guda, aka auna sanin da suka yi wa baƙin kalmomin da ke ciki kafin karatun da bayansa. Inda malami ya karanta kawai ba tare da bayani ba, an samu ƙarin kusan kashi 15 cikin 100. Inda ya riƙa tsayawa yana warware kalmar a taƙaice, ƙarin ya kai kusan kashi 40. Da aka sake gwada su bayan wani lokaci sai aka tarar ba su manta ba, kuma abin da ya fi taɓa ni a binciken shi ne yaran da suka fara da rauni sun ƙaru kamar yadda masu ƙoƙari suka ƙaru.

Na ga haka da idona a kan wata yarinya da na koyar a aji uku. Can baya take zama, ba ta ɗaga hannu, idan an zo karatu sai ta riƙe littafi tana motsa leɓe don kada a gane ba ta iya ba. Wata rana ina karanta musu labarin wani yaro da ya ɓace a daji, na zo inda aka ce uwarsa ta kwana cikin zullumi, sai na ji muryarta a karon farko tana cewa: "Malam, mene ne zullumi?" Na ce mata shi ne damuwar da ke kama mutum idan yana jiran wani abu bai san yadda zai kasance ba, na ci gaba da karatu. Bayan kamar mako biyu na lura ta yi shiru fiye da kullum, na tambaye ta lafiya, ta ce ƙaninta ne ba shi da lafiya an kwantar da shi, ita kuma tana cikin zullumi. A lokacin ko sunanta ba ta iya rubutawa daidai, amma ta mallaki wannan kalma har ta yi amfani da ita wajen faɗin abin da ke cin zuciyarta. Ranar da idonta ya iya haɗa waɗannan haruffa, ma'anar tana nan tana jiranta.

Bayan kalmomi akwai ginin jimla. Yaron da ya saba jin doguwar jimla mai rassa, wadda ta fara da sharaɗi, ta ratsa ta wani bayani, sannan ta dawo ta cika, ba zai ɓace a tsakiyarta ba ranar da ya gamu da ita a takardar jarrabawa. Muryar malam ce ke koya masa aikin waƙafi da aya da alamar tambaya tun kafin a gaya masa sunayensu, domin yana jin inda aka ja numfashi, da inda murya ta sauka, da inda ta tashi. Wannan yana fitowa fili a insha'i. Idan ka ɗauki takardun yara kana dubawa, za ka iya ware waɗanda ake karanta wa littafi daga yadda suke buɗe labari, da yadda suke sa mutanen ciki su yi magana, da yadda suke haɗa abin da ya faru da dalilinsa maimakon jera "sai" da "sai" har ƙarshen shafi.

Ranku ya daɗe, wanda ya fi tsaya mini a rai a duk wannan magana shi ne yaro mai rauni. Wani masani mai suna Keith Stanovich ya bayyana a 1986 yadda tazara ke buɗewa tsakanin yara: wanda ya fara iya karatu da wuri yana jin daɗinsa, sai ya ƙara karantawa, sai ya ƙara sanin kalmomi, sai karatun ya ƙara yi masa sauƙi, wanda ya fara da wahala yana gudun littafi, kuma gudun da yake yi shi ke ƙara masa wahalar. Kowace shekara sai tazarar ta ƙaru, har ya zamana 'yan aji ɗaya ne a suna kawai. Lokacin da malam ke karanta wa aji littafi shi ne kusan lokaci ɗaya tilo da waɗannan yara biyu ke tsayawa daidai. Labari ɗaya suke ji, a lokaci ɗaya, kuma sau da yawa wanda ake yi wa kallon daƙiƙi shi ne zai fara hango inda labarin ya dosa, ya faɗa, 'yan ajin su juyo su dube shi da wani ido daban.

Girman matsalar ba ƙarami ba ne. A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yaran ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu mai sauƙi su fahimce shi a lokacin da suka kai shekara 10, kuma bayan rufe makarantu da annobar korona ta jawo, ƙiyasin da aka fitar a 2022 ya haura zuwa kusan kashi 70. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta kullum. Wasu iyayensu ba su yi karatun boko ba, wasu sun yi amma neman abin rufin asiri bai bar musu sarari ba, wasu gidajen kuma babu littafin yara ko ɗaya a cikinsu. Tun 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka take shawartar iyaye su fara karanta wa 'ya'yansu littafi tun suna jarirai, shawara ce mai kyau, amma yaron da bai samu haka a gida ba babu inda zai same shi sai a ajin da kuke shugabanta.

Haka nan yaran da ake koyar da su da harshen da ba shi suke yi a gida ba. Irin wannan yaro yana ɗauke da kaya biyu, koyon karatu da koyon harshe, kuma jimlolin da aka yanyanka aka jera a allo ba sa isar sa ya ji yadda harshen ke tafiya. A tsibiran Fiji, a farkon shekarun 1980, Elley da abokin aikinsa Francis Mangubhai sun zuba littattafan labarai kimanin 250 a azuzuwan wasu makarantun karkara inda yara ke koyon Ingilishi a matsayin harshe na biyu. A wasu azuzuwan malamai suna karanta littattafan tare da yara a bayyane suna tattaunawa, a wasu kuma yaran suna karatun zuci. Bayan wata takwas aka samu yaran da aka ba littattafan suna ci gaba a fahimtar karatu da ta sauraro da ninkin saurin da aka saba gani. Ni dai shawarata ita ce a karanta wa ƙananan yara da harshen da suka tashi da shi gwargwadon yadda littattafai suka samu, a kuma karanta musu da harshen koyarwa, domin yaron da ya san yadda labari ke tafiya a harshe ɗaya yakan ɗauki wannan sani ya shiga da shi na biyu.

Ba zan tsawaita a kan sha'awar karatu da natsuwa ba, domin duk wanda ya taɓa rufe littafi a daidai inda labari ya ɗauki zafi ya ji yadda aji ke roƙon a ƙara ko da shafi ɗaya ne. Yaron da bai taɓa ɗanɗana daɗin da ke cikin littafi ba, ba shi da dalilin jure wahalar koyon haruffa. Wanda kuma ya iya zama minti 15 yana bin zaren magana guda da hankalinsa, ya samu abin da zai amfane shi a kowane darasi.

Amana ta sa dole in faɗi iyakar abin. Karanta wa yara littafi ba ya koya musu haɗa baƙi. Masu binciken da suka bi motsin idon ƙananan yara a lokacin da ake karanta musu littafi mai hotuna sun gano cewa hotunan suke kallo, da ƙyar idonsu ke sauka a kan rubutun. Saboda haka darasin haruffa da sautukansu, da gaɓoɓi, da shifta, da lokacin da yaro zai riƙe littafi ya karanta da kansa, duk suna nan daram, kuma ba na roƙon a gutsiri ko minti ɗaya daga cikinsu. Makarantar da ta yi watsi da koyar da haruffa ta koma ba da labari zalla ta cuci yaranta kamar yadda wadda ta tsaya a haruffa zalla ta cuce su.

Na san abin da za ku fara cewa shi ne manhaja ta cika, lokaci ba ya isa. Ina roƙon ku zagaya azuzuwanku rana ɗaya da agogo a hannu, ku ƙirga mintocin da ke zubewa tsakanin fitar wannan malami da shigowar wancan, da bayan dawowa daga hutun tara, da ƙarshen yini lokacin da yara suka gaji ana jiran ƙararrawa. Minti 15 ɗin suna nan a ciki. Idan shekarar karatu tana da mako 36, minti 15 a kullum sun zama awa 45 a shekara, awa 270 a shekara shida. Ko da kalma 1,000 kacal malam ke karantawa a zama guda, yaro zai bar firamare ya ji fiye da kalma miliyan ɗaya ta rubutaccen harshe. Game da cunkoson aji da ƙarancin kayan aiki kuwa, wannan na cikin 'yan abubuwan da yawan yara ba ya hana su, domin kwafi ɗaya na littafi ya ishi aji komai cikarsa, ba ya buƙatar lantarki ko kwamfuta, kuma idan wannan aji ya gama da shi sai a miƙa wa na gaba.

Sai dai a yi shi yadda ya kamata, kuma nan ne kulawarku ta fi muhimmanci. Malamin da zai karanta ya fara karanta littafin shi kaɗai, ya san inda zai dakata, ya zaɓi kalmomi biyu ko uku da zai warware, domin wanda ya buɗe littafi a karon farko a gaban yara yana tuntuɓe da murya ɗaya kamar mai karanta sanarwa zai sa su tsani abin da ake so su so. Tambayoyin da zai yi su zama masu buɗe baki, irin su me kuke ganin zai faru, ko me ya sa ta ɓoye masa gaskiya, kuma kada su yi yawan da za su tsinke labarin. Kada a bi kowane zama da gwaji da maki, domin da zarar yaro ya san za a tuhume shi a ƙarshe, sauraronsa ya koma na fargaba. Kada kuma a mai da shi tukwicin ladabi, a ce yau kun yi surutu don haka babu labari, tunda ba wanda ke soke darasin lissafi saboda aji ya yi surutu. Littattafan ma a gauraya su, a sa ƙagaggun labarai da waƙoƙi, a sa tarihin mutane da bayanin dabbobi da taurari da yadda injuna ke aiki, domin akwai yaron da tatsuniya ba ta motsa shi amma zai manta da kansa idan ana karanta yadda tururuwa ke gina gidanta.

Kuskuren da na fi gani shi ne dainawa da wuri. Da zarar yara sun fara karatu da kansu, sai a ce sun girma, a janye musu, a daidai shekarun da Chall ta nuna cewa kalmomi ke fara yi musu ƙaranci. Kwamitin masana karatu da Richard Anderson ya jagoranta a Amurka ya fitar da rahoto a 1985 inda ya bayyana karanta wa yara littafi a bayyane a matsayin aiki mafi muhimmanci wajen gina sanin da yaro ke buƙata don ya yi nasara a karatu, kuma ya ƙara da cewa a ci gaba da yin sa a dukkan azuzuwa. 'Yan aji biyar da shida su ne ma suka fi cin moriyar dogon littafi mai babi babi wanda za a yi makonni ana bi, domin sun kai matakin riƙe mutane da yawa da al'amura masu sarƙaƙiya a ka, su yi gardama a kan wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure.

Abin da ya rage yana hannunku. Ku rubuta wannan lokaci a jadawali da sunansa, a lokaci ɗaya tsayayye, yadda malami ba zai ji kamar satar lokaci yake yi ba idan ya ji takunku a baranda. Ku sa malamanku su riƙa rubuta sunan littafin da shafukan da aka karanta da sababbin kalmomin da aka warware a cikin shirin darasinsu, domin idan masu duba makarantu suka zo ku samu abin nuna musu, kada wani shugaban ya sake shiga halin da nawa ya shiga. A taron malamai ku ba wanda ya fi iya karatun dama ya yi a gaban 'yan uwansa su ji yadda ake yi. Tunda kuma gani ya kori ji, ina roƙon kowannenku ya zaɓi aji ɗaya a wannan zango, ya shiga da kansa sau ɗaya a mako ya karanta musu, ya riƙa lura da yaran da ke zaune a layin baya, sannan a ƙarshen zango ya karɓi littattafan insha'insu ya kwatanta da na farkon zango.

Na gode da haƙurin da kuka yi kuka karanta. Allah ya taimake ku a kan amanar da ke wuyanku.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin firamare